Ciwon kwana na uku bayan cire turmin ƙarshe: amsa ga mai koyon aikin haƙori

Assalamu alaikum, ɗana.

Tambayarka ta iso gare ni, kuma na ji daɗinta, domin ta nuna cewa kana bin marasa lafiya da ido har bayan sun sauka daga kujera. Ka ce ka lura wasu daga cikin waɗanda aka cire wa turmin ƙarshe na ƙasa sukan tafi gida lafiya, su yi kwana biyu ba tare da wata damuwa ba, sannan su dawo a kwana na uku ko na huɗu dafe da kunci, suna cewa azabar ta fi ta kafin a cire haƙorin, bakinsu yana wari, amma babu zazzaɓi kuma babu kumburin a zo a gani. Ka tambaya ko guntun saiwa ne aka bari a ciki, da kuma dalilin da ya sa ba mu cika rubuta musu maganin kashe ƙwayoyin cuta ba alhali su da kansu suke roƙonsa.

Sai ka fara sanin irin raunin da muke barin mutum da shi. Turamen nan huɗu na can ƙurya su ne ƙarshen fitowa, galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25, kuma da su ne haƙoran babban mutum suke cika 32. A lokacin da suka taso sauran haƙora sun riga sun mamaye muƙamuƙi, shi ya sa na ƙasa yakan fito a karkace, ko ya tokari maƙwabcinsa, ko ya tsaya rabinsa a cikin ƙashi. Cire irin wannan yakan bukaci a tsaga dasashi, a rage ƙashin da ya rufe shi, wani lokaci a raba haƙorin gida biyu kafin ya fito. Idan an gama, jini yakan cika ramin ya daskare ya zama guda, kuma duk warkewar tana rataye ne a kan wannan gudan jinin. Shi ne yake rufe ƙashi da ƙananan jijiyoyin da ke jikinsa daga iska da yawu da abinci, kuma a cikinsa ne sabon nama yake fara tsirowa a makon farko. Dasashi yakan haɗe cikin mako uku zuwa huɗu, ƙashi kuwa sai ya ɗauki watanni kafin ya cike gurbin. A kwanakin farko gudan jinin nan kamar sabon daɓe yake, ko yaya aka taka shi sai ya lalace.

Abin da kake gani a wurin masu dawowar nan shi ne rami da ya rasa gudan jininsa, ko dai an fizge shi da kurkura da tsotso, ko kuma ya narke da kansa tun nama bai rufe ƙashin ba. Idan ka haska fitila za ka tarar da ramin fayau, ƙashi a fili, wani lokaci da guntayen abinci masu launin toka, kuma da ka taɓa gefensa a hankali mutum zai zabura. Ciwon yakan harba zuwa kunne da gefen kai, ya hana barci, kuma sau da yawa farasitamol kaɗai ba ya kwantar da shi. A cire haƙori na yau da kullum abin bai cika wuce mutum biyar cikin ɗari ba, amma a turmin ƙasa da aka haƙo daga cikin ƙashi ya fi haka yawa nesa ba kusa ba. Ya fi samun masu shan sigari, da matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, da wanda aka sha wahala kafin haƙorinsa ya fito, da wanda dama dasashinsa ya ruɓe a kewayen haƙorin kafin ya zo.

Maganar guntun saiwa ba a zato ake yanke ta ba. Saboda haka ne nake sa ku jera haƙorin da aka cire a kan faranti, ku haɗa gutsattsarinsa, ku duba ƙarshen kowace saiwa tun mai shi bai tashi ba. In an yi haka, kuma aka dawo da ciwo, to an riga an san amsar. In kuwa akwai kokwanto, hoto ne zai raba gardama. A mafi yawan lokuta za ka tarar babu abin da ya rage.

Maganinsa a hannunmu yake, kuma ba shi da tsada. Za a wanke ramin a hankali da ruwan gishiri na asibiti har sai duk dattin ya fita, a sa ɗan abin toshiya mai ɗauke da sinadarin man kanumfari a ciki ba tare da an danna shi da ƙarfi ba, a ba da maganin rage zafi, a ce mutum ya dawo bayan kwana biyu a duba. Sau da yawa kafin ya kai bakin ƙofa ya fara samun sauƙi, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ciwon yakan tafi. Ba a kankare ƙashin don a tilasta masa zubar da sabon jini, domin hakan ƙarin rauni ne. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Amoksisilin da Flagyl kuwa an tanade su ne don inda cuta ta kama nama ta fara yaɗuwa, wato inda ka ga mugunya, ko zazzaɓi, ko kumburi mai ƙaruwa, ko kuma mutumin da garkuwar jikinsa take da rauni. Ƙashin da yake a buɗe rufi yake bukata, kuma ƙwaya ba za ta rufe shi ba. Wanda ya rubuta su a nan ya sa talaka kashe kuɗi a banza, ya jawo masa tashin zuciya da gudawa, ya kuma taimaka wajen koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, matsalar da ta riga ta yi mana yawa saboda yadda ake sayen waɗannan magunguna a kemis ba tare da takardar likita ba.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne mintunan da ke tsakanin fitar haƙori da fitar mai haƙori, domin a nan ne ake hana yawancin wannan ciwo, kuma wannan aikin naka ne. Na sha jin masu koyo suna cewa "kada ka kurkure baki yau" su tsaya a nan, mutum ya gyaɗa kai ya tafi. Kai ka san cewa kafin gari ya waye wannan mutumin zai yi alwala sau uku ko huɗu, kuma a kowace zai kurkure baki da ƙarfi kamar yadda ya saba tun yana yaro, ba tare da ya taɓa kawowa a ransa cewa ita ce kurkurar da aka hana shi ba. Dole ne ka ambaci alwala da sunanta. A mazhabar Malikiyya da galibin mutanenmu suke bi, kurkurar baki da shaƙa ruwa da facewa suna cikin sunnonin alwala, kuma alwala tana inganta ko da an bar su saboda lalura. Ka ce masa a awa 24 na farko ya bar kurkurar, ko kuma ya sa ruwa kaɗan a baki ya sunkuyar da kai ruwan ya zubo da kansa. In turmin sama aka cire, musamman wanda saiwarsa take dab da kogon da ke cikin ƙashin kunci, ka ƙara masa da cewa ya bar face hanci da ƙarfi na kamar mako biyu, kuma in atishawa ta zo ya yi ta baki a buɗe, domin matsin iska yana iya huda siririn bangon da ke tsakanin ramin da kogon.

Haka nan maganar tsotso. Takardun da ake bugawa a ƙasashen waje suna hana shan abu da tsinken roba, amma mutuminmu ruwan leda zai saya a bakin asibiti, ya huda da haƙori ya tsotsa. Ka ce masa ya juye a kofi. Ka ambaci rake da lemo da alewa. Ka ambaci tofar da yawu, wadda ita ce ta fi wahalar bari, domin ɗanɗanon jini yana sa mutum ya yi ta tofarwa, kowace tofarwa kuma tana jan gudan jinin. Ya haɗiye, ko ya goge da ƙyalle mai tsabta. Mai shan sigari ko shisha ka gaya masa gaskiya cewa shi ne ya fi kowa haɗarin dawowa, saboda zuƙar da kuma yadda hayaƙin yake rage jinin da ke isa wurin, ya daure aƙalla kwana uku, in ya iya mako guda ya fi. Dattijo mai cin goro kuma ya ajiye shi har mako ya zagayo, saboda gutsattsarinsa suna maƙalewa a ramin.

Audugar da muka sa masa ya cije ta da ƙarfi na minti 30 ba tare da magana ba. Yawu mai launin ja a ranar farko ba zubar jini ba ne, ka faɗa masa tun yanzu don kada ya firgita; in kuwa jini sosai ya dawo, ya naɗe ƙyalle mai tsabta ya ɗan jiƙa shi, ya cije minti 30 yana zaune, ya kuma ɗaga kansa da matashi idan zai kwanta. Daga rana ta biyu ne ruwan gishiri yake shigowa: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, a riƙe a baki a karkata kai a hankali, bayan kowane cin abinci, har mako guda. Sauran haƙora a ci gaba da wanke su da buroshi ko asuwaki, a dai kauce wa wurin raunin, domin bakin da aka bari da datti don tsoro shi ma yana jinkirta warkewa.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani in ka kira shi da sunansa. Kunu da koko su huce tukuna, domin zafi yana tayar da jini, kuma leɓen da allura ba ta sake shi ba yana ƙonewa mai shi bai sani ba. Nono, da ayaba, da dafaffen ƙwai, da faten dankali, da tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa duk sun yi, a tauna ta ɗaya gefen. Ƙuli-ƙuli da kilishi da tsire da gyaɗa da aya da dambu su jira mako guda.

Game da rage zafi, babban mutum mai lafiya zai iya shan farasitamol giram ɗaya duk bayan awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini, tare da ibuprofen miligiram 400 duk bayan awa takwas a kan abinci, kuma ya sha na farko tun allurar ba ta gama sakinsa ba. Kafin a ba da ibuprofen sai ka tambayi gyambon ciki, da ciwon ƙoda, da asma, da juna biyu. Asfirin kada a sha don wannan ciwo saboda yana tsinka jini, kuma ka tuna masa cewa wasu garin maganin ciwon kai na ƙunshi asfirin ne a ciki. Ka kuma ja kunnensa kan cusa abu a ramin, ko kanwa ce, ko taba gari, ko ƙwayar magani, ko man zafi. Wani zai ce ai mu ma kanumfari muke sawa. Ka bayyana masa cewa namu an auna shi kuma an tsabtace shi, ɗanyen man kuwa yana ƙona dasashi.

Akwai abin da za ka kwantar wa mutum da hankali a kansa, akwai kuma wanda ba a kwana da shi. Kumburin kunci yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara saɓewa, kuma ƙanƙara a cikin tawul na minti 15 lokaci zuwa lokaci a ranar farko tana rage shi. Baki yakan ƙi buɗuwa sosai na mako ɗaya ko biyu. Duk wannan hanyar warkewa ce. Amma kumburin da yake ƙaruwa bayan kwana na uku, ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ya yi tauri, mutum ya kasa haɗiyar yawu, muryarsa ta sauya, harshensa ya ɗago, wannan yana iya toshe numfashi cikin sa'o'i, kuma wurinsa sashen gaggawa na babban asibiti ne a daren nan, ko da ƙarfe nawa ne. Haka jinin da ya ƙi tsayawa bayan an cije ƙyalle sau biyu. Mutuwar leɓen ƙasa ko haɓa ko gefen harshe da ta wuce kwana ɗaya kuma alama ce ta an taɓa jijiyar da ke bi ta ƙarƙashin saiwoyin turmin ko ta gefensa. Yawanci tana farfaɗowa cikin makonni ko watanni, kaɗan ne take zame musu dindindin, amma dole a rubuta ta a kati a kuma sanar da likita da wuri.

Wasu abubuwan tun kafin a taɓa haƙorin ake gyara su. Ka tambayi ciwon suga, domin raunin mai suga da bai daidaita ba yana jinkirin warkewa. Ka tambayi sikila, da hawan jini, da magungunan tsinka jini irin su warfarin, kada kuma ka ce wa kowa ya daina shan nasa sai da izinin likitan da ya ɗora shi a kai. A watan azumi, in cirewar ba ta gaggawa ba ce, gara a ɗaga ta zuwa bayan salla ko a yi ta dab da shan ruwa, saboda mai azumi ba zai sha magani a kan lokaci ba, ga bushewar baki, ga yawan tofar da yawu.

Duk wannan bayani ka yi shi a gaban wanda ya rako marar lafiyar, domin mutumin da ya fito daga ƙarƙashin allura bakinsa cike da auduga ba ya riƙe rabin abin da aka gaya masa. Ka ba su a rubuce da Hausa, in ba sa karanta boko ka sa ɗan rakiyar ya maimaita maka da bakinsa, ka karɓi lambar waya, a kwana na uku ka kira ka ji ko ciwon raguwa yake yi ko ƙaruwa. In ƙaruwa yake yi, ka ce su zo a ranar, ka shirya ruwan wanki da abin toshiya kafin su iso.

Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a hannunka.