Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Kaskon Baƙin Ƙarfe Mai Kyau

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gusau, kuma cikin shekara uku na canza kaskon suya har sau huɗu, domin irin waɗannan da ake kira nonstik ba sa daɗewa sai shafen cikinsu ya fara ɓarewa yana bin abinci. Maƙwabciyata ta ba ni shawarar in sayi kaskon baƙin ƙarfe na zubi, amma da na shiga kasuwa sai na tarar kowane mai shago yana rantsuwa cewa nasa ne na asali. Don Allah ta yaya zan gane mai kyau, kuma wane girma ne zai ishi gida mai mutum shida?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarar maƙwabciyarki mai kyau ce, domin kaskon baƙin ƙarfe idan ya samu kulawa yakan kai har 'ya'ya su gada. Sai dai abin da ya fi yaudarar masu saye shi ne baƙin launi, kuma ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko. Na sayi wani kasko baƙi wuluk a wata kasuwa, na kai gida ina murna, amma a wanki na uku sai baƙin ya fara fita a jikin soso, farin alminiyon ya bayyana a ƙasa. Tun daga ranar ba na zuwa sayen kasko sai da ɗan mayen ƙarfe a jakata.

Mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, yana manne wa baƙin ƙarfe nan take, amma ba ya kama alminiyon ko kaɗan, komai kaurinsa kuma komai fentin da aka shafa masa. Nauyi ma shaida ne, domin baƙin ƙarfe ya kusa ninka alminiyon sau uku a nauyi idan girmansu ɗaya. Na tsaya a kan wannan bambanci ne saboda yawancin tukwane da kasake na zubi da ake yi a garuruwanmu da narkakken alminiyon ake zuba su, wanda sau da yawa daga tsofaffin kayan mota da gwangwanaye ake tattaro shi. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa dalma tana fita daga jikinsu idan aka dafa abu mai tsami a ciki. Ke da kike Zamfara kin san abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, duk da cewa waccan daga haƙar zinariya ta fito, don haka ba sai na yi miki dogon bayani kan dalilin taka-tsantsan ba.

Idan maganaɗisu ya kama, da sauran dubawa, domin yana kama siririn ƙarfen da aka buga da inji ma. Kaskon zubi na gaskiya yana da kauri, jikinsa da ɗan kaushi kamar an yayyafa yashi, saboda a cikin mazubin yashi ake zuba shi, kuma mariƙinsa haɗe yake da jikinsa ba tare da ƙusa ko walda ba. Ki ɗora shi a kan tebur ko simintin shagon ki danna gefensa da yatsa. Idan ya yi rawa, gindinsa a lanƙwashe yake, kuma mai zai riƙa taruwa a gefe ɗaya ƙwai yana ƙonewa a ɗaya gefen. Sannan ki rataye shi da yatsa ta ramin mariƙin ki ƙwanƙwasa shi da cokali. Lafiyayyen kasko yana ba da ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, wanda ya tsage kuwa ƙararsa a dushe take, ta mutu nan da nan. Wannan gwaji ya fi muhimmanci idan na gwanjo za ki saya. Tsatsa ba aibi ba ce a kaskon gwanjo, domin soson ƙarfe da mai suna kawar da ita, amma tsaga ba ta da magani, kuma wuta za ta ƙara buɗe ta.

Game da girma, mai faɗin santimita 26 yana da nauyin kusan kilo 2 da rabi, mai santimita 30 kuma ya kai kusan kilo 3 da rabi tun kafin a zuba masa komai. Ga gida mai mutum shida na fi son ki ɗauki na santimita 30, da sharaɗin yana da ɗan kunne a gefen da ke fuskantar mariƙin domin ki riƙa ɗaga shi da hannu biyu. Ki gwada ɗagawa a shagon kafin ki biya, ki kuma tuna da faɗin kan rishonki ko gas ɗinki, saboda baƙin ƙarfe yana riƙe zafi sosai amma ba ya saurin yaɗa shi, don haka babban kasko a kan ƙaramar wuta tsakiyarsa kawai ke zafi. A kan gawayi, inda wuta ke shimfiɗe, wannan matsala ba ta cika tasowa ba.

Za ki iya cin karo da sunayen waje irin su Lodge, kamfanin da aka kafa a jihar Tenesi ta Amurka a 1896, ko Le Creuset na Faransa da ya fara aiki a 1925, wanda ke lulluɓe nasa da shafen tangaran mai launi. Masu shafen tangaran ba sa tsatsa kuma suna jure miyar tumatir, amma suna da tsada, kuma shafen yana ɓantarewa idan ya bugu. Don suyar yau da kullum, wanda ba shi da shafe ya wadatar, kuma wanda ba shi da sanannen suna amma ya ci gwajin da na lissafa zai yi miki aiki.

Abin da nake so ki riƙe shi ne cewa sabon kasko ba ya nuna halinsa a ranar farko, kamar yadda masu waina suka sani game da sabuwar tanda, wadda sai ta sha mai kafin ta daina kama ƙullu. Ki wanke shi, ki busar da shi a kan wuta, ki shafe shi ciki da waje da man gyaɗa, sannan ki goge da tsumma har ya zama kamar ba a shafa ba, ki ɗora a wuta har ya yi hayaƙi ya daina. Ki maimaita sau uku ko huɗu. Idan man ya yi yawa zai yi danƙo maimakon ya bushe ya zama baƙin rufi mai santsi. A makonnin farko ki riƙa soya doya, dankali, ƙosai da nama a ciki, ki jinkirta tumatir, tsamiya da yakuwa, domin tsami yana cinye wannan rufi kafin ya yi ƙarfi. Ɗan sabulu ba ya cutar da shi, amma kwana cikin ruwa yana sa shi tsatsa kafin gari ya waye, kuma zuba masa ruwan sanyi yana tsakiyar zafi na iya tsaga shi. Bayan kowane wanki ki mayar da shi kan wuta na minti biyu, ki ɗiga masa mai ki goge, sannan ki ajiye shi inda damshin damina ba zai same shi ba.