Tambaya da Amsa: An yi min tayin takardar kwangilar fitilun sola, in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin kamfani mai rajista, muna haɗa sola a gidaje da makarantu, muna kuma sa wa rijiyoyin burtsatse famfo mai aiki da hasken rana. Sau biyu ina neman kwangilar gwamnatin tarayya, ko sunana bai fito cikin waɗanda suka tsallake tantancewa ba, kuma ba wanda ya ce min ga dalili. Yanzu wani da ya ce yana da hanya a Abuja ya kawo min takardar aikin fitilun kan titi guda 100, aikin mazaɓa, na naira miliyan 120. Ya ce in ba da kashi 10, rabi yanzu rabi in an biya kafin alƙalami, a juya takardar zuwa sunan kamfanina. Ya ba ni mako guda. Filina zan sayar in biya. Kowa na ce min haka ake yi, ba a samun kwangila ta wata hanya. Wallahi barci ya gagare ni. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka sayar da filin nan, kada kuma ka ba mutumin ko sisi.

Zan fara da faɗuwar da ka yi sau biyu, don ita ce ta tura ka hannun dillali. Wanda sunansa bai tsallake matakin farko ba, galibi ba a ma buɗe ambulan ɗin farashinsa ba. Takardu ne suka kayar da shi. Tallar kwangilar tarayya kusan kullum abu ɗaya take nema: rajistar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara 3 da ba ta ƙare ba, takardun hukumar fansho PenCom da asusun horar da ma'aikata ITF da asusun inshorar ma'aikata NSITF (tallar za ta faɗi yawan ma'aikatan da ke wajabta maka na PenCom da ITF), rahoton rajistar wucin-gadi daga rumbun 'yan kwangila na BPP, hukumar da ke sa ido kan ba da kwangilolin tarayya, asusun kamfani na shekara 3 da akanta mai lasisi ya bincika, wasiƙar banki, da rantsuwar kotu da ke bayyana ko wani jami'in hukumar yana da hannu a kamfaninka. Yawancin waɗannan shaidun suna mutuwa ne ranar 31 ga Disamba, shi ya sa mai neman aiki a watan Maris da takardar bara ya faɗi tun kafin a karanta sunansa. A aikin lantarki a kan nemi shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki, da injiniya mai rajistar majalisar injiniyoyi ta COREN, da wasiƙar izini daga kamfanin da ya ƙera kayan, da ayyuka 3 makamantan wannan cikin shekara 5, kowanne da takardar ba da aikin da ta kammalawa. Kuma ana duba ko cinikin da ka rubuta a asusun kamfani ya yi daidai da na takardar haraji. Idan suka saɓa, shi ke nan.

Ba sai ka yi ta hasashe ba. Dokar Ba da Kwangila ta 2007 ta wajabta wa hukuma ta yi wa wanda ya faɗi bayani idan ya nema. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, ka sa lambar tallar da rukunin da ka nema, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Idan kuma ka ga an yi maka ba daidai ba, sashe na 54 ya ba ka kwanakin aiki 15 ka kai ƙorafi gare shi, shi ma yana da 15 ya amsa, sannan kana da 10 ka wuce BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Mutanenmu ba sa amfani da wannan. Sai a zauna a majalisa ana cewa an yi rabon tun da daɗewa.

To, mu zo kan maganar “haka ake yi”, wadda ita ce ta fi kowace cuta cinye jarin ƙananan masu sana'ar sola a Arewa. Mutane sun ɗauka takardar ba da kwangila haja ce kamar takardar fili, a saya a sayar a canza suna. Ba haka ba ne, kuma dillalan da ke yawo da ita a otal-otal na Abuja sun fi kowa sanin haka.

Takardar nan ita ce ƙarshen wani dogon fayil. Kafin ta fito, dole aikin ya kasance cikin kasafin kuɗi da tsarin sayayya na hukumar. An tallata shi a jaridun ƙasa biyu da mujallar tallar kwangilolin tarayya. An karɓi tayi an buɗe a bainar jama'a, an rubuta sunan duk wanda ya shiga. Kwamitin tantancewa ya yi rahoto. Kwamitin ba da kwangila ya zauna ya amince da sunan kamfani guda. Idan kuɗin ya haura iyakar hukumar, BPP ta ba da shaidar rashin ƙalubale. Ko a inda doka ta yarda a gayyaci kamfanoni kaɗan ba tare da talla ba, fayil ɗin na nan, da sunayen waɗanda aka gayyata. Yanzu ka tambayi kanka: a wane shafi sunan kamfaninka yake? Ba ka sayi takardar tayi ba, ba ka biya kuɗinta ba, ba ka cikin rajistar ranar buɗewa. Wane ne zai “juya” duk waɗannan cikin mako guda?

Abin da ke hannun mutumin nan ɗayan uku ne. Ko dai takardar jabu ce gaba ɗaya, an kwafi kan wasiƙar hukuma da sa hannun wani darakta, kuma wannan ya fi yawa. Ko ta gaske ce amma da sunan wani kamfani, an sayar wa mutum uku ko huɗu a lokaci guda. Ko kuwa ta gaske ce, mai ita da gaske yake son sayarwa. Mutane na ganin na ukun shi ne sa'a, alhali nan ma rami ne. Irin waɗannan takardu kan ɗauki sharaɗin cewa ba a miƙa aikin ga wani, kuma gwamnati tana biya ne daga asusun bai-ɗaya zuwa asusun kamfanin da aka ba aikin. Kai ka kafa turaku 100 da kuɗinka, kuɗin ya faɗa asusun wani. In ya hana ka, wace kotu za ka je ka ce ka sayi kwangilar gwamnati a bayan fage? Yarjejeniyar da za ka nuna ita ce shaidar laifinka. Sashe na 58 na dokar ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara ga mutumin da ba jami'in gwamnati ba da aka kama da irin wannan maguɗi, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 na darajar aikin. Amfani da takardar jabu na cikin laifuffukan da aka lissafa.

Kalmar “aikin mazaɓa” ita ake ruɗar mutane da ita. Ɗan majalisa yana sa aikin a kasafi, amma doka ba ta ba shi ikon ba da kwangila ba. Hukumar da aka ajiye aikin a ƙarƙashinta ce ke bayarwa. Don haka “Honorabul ya ba ni guraben aiki biyar” ba magana ce da ke da matsayi a takarda ba, ko da yaron Honorabul ɗin ne ya faɗa maka da bakinsa. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun ayyukan mazaɓu tana zuwa har inda aka ce an yi aikin, kuma ɗan kwangila take mayarwa fili ko ta sa ya maido da kuɗi. Dillali ba ya cikin fayil. Ranar da aka zo bincike wayarsa a kashe take.

Ban ce babu cuwa-cuwa a harkar ba. Akwai, har da ta cikin ofis, kuma jinkirin da hukumomi ke yi wa mai gaskiya shi ke ciyar da 'yan kamasho. Amma a ce ma komai ya tafi yadda ya faɗa maka, yi lissafin da kyau. Daga miliyan 120 ka cire 12 na dillali. Harajin VAT na kashi 7.5 da harajin da ake riƙewa daga tushe, duk a wurin biya ake zare su. Galibi ana riƙe kashi 5 sai wa'adin gyaran lahani ya wuce. Kafin alƙalamin da yake maka romon baka da shi, wanda gyaran dokar na 2020 ya kai har kashi 30 ga 'yan kwangilar gida, ba dole ba ne a bayar, kuma ba a sakinsa sai ka kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Idan ka ranto miliyan 60 a ruwan kashi 30 a shekara, aka yi wata 8 ba a biya ka ba, miliyan 12 sun sake tafiya. Kuma wata 8 ba abin mamaki ba ne: a 2025 'yan kwangila sun yi ta zanga-zanga a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan ayyukan da suka gama ba a biya su ba. Waɗannan fa masu takardun gaske ne.

Daga ina giɓin zai fito? Daga batir. Ka san lissafin: fitila mai wat 60 da ke cin cikakken ƙarfi awa 5 sannan ta ragu zuwa kashi 40 na awa 7 tana shan kusan wat-awa 470 a dare. In ana son ta ɗauki dare biyu ba rana, ba tare da an zuƙe batir fiye da kashi 80 ba, ana bukatar batirin lithiyam LiFePO4 na bolt 12.8 mai kusan Ah 100, da farantin sola na wat 150 zuwa sama saboda ƙurar hunturu da zafinmu. Wanda ya riga ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aiki ba zai iya sayen wannan ba. Sai ya shiga kasuwa ya kwaso fitilun nan haɗaɗɗu da aka rubuta wa “300W” a kwali, da ɗan farantin da bai fi faɗin tire ba, ya sa turaku marasa kauri a ramin da ba kankare kirki. Wata shida, ƙarfe goman dare ta yi, unguwa ta koma duhu. Duk wanda ke bin titunan garuruwanmu ya ga layin turakun da ba sa ci. Kuɗin jama'a ne, kuma mata da yara da masu zuwa sallar asuba aka yi wa alkawarin hasken. Ka ji tsoron Allah a kan wannan ko da EFCC ba ta taɓa jin sunanka ba, kai da sana'arka ce ka san abin da ka binne a cikin akwatin batir.

Idan kana so ka gamsar da zuciyarka, gwaji mai sauƙi ne. Nemi lambar aikin a kasafin kuɗi, wanda ke shafin Ofishin Kasafi kyauta. Nemi jaridar da aka tallata shi da ranar. Duba NOCOPO, shafin BPP da ake wallafa bayanan kwangiloli. Sannan ka ce masa gobe za ka kai kwafin takardar sashen ba da kwangila na hukumar da wasiƙar neman tabbaci, a buga maka hatimi. Zai ce kada ka ɓata magana, manya ba sa son hayaniya. Amsarka ke nan.

Hanyar da za ta kai ka tana da tsawo, amma kuɗin fili bai shiga ciki. Sabunta duk takardunka a watan Janairu, ka ajiye su a fayil ɗaya da kwafi a kwamfuta. Daga yau duk makaranta ko asibitin kuɗi ko ƙungiyar da ka yi wa aiki, karɓi takardar ba da aiki da ta kammalawa da hotuna. Da yawa daga masu sola sun yi ayyuka masu kyau amma ba su da ko takarda guda da za su nuna. Nemi ƙananan rukunoni da suka yi daidai da cinikin da asusunka ya nuna, don aikin miliyan 120 kan zo da sharaɗin cinikin shekara da ƙaramin kamfani bai kai ba. Idan kana son babba, doka ta yarda da haɗin gwiwa: ku rubuta yarjejeniya da kamfanin da ya fi ka kafin a miƙa tayi, sunayenku biyu su shiga fayil tun farko, kowa da cikakkun takardunsa.

Kuma kada idonka ya tsaya a Abuja kawai. Jihohi na da nasu dokokin da rajistar 'yan kwangila, kamar KADPPA a Kaduna da hukumar bin ƙa'ida ta Jigawa, ga hukumomin ruwan karkara na RUWASSA da hukumomin raya kogunan Hadeja-Jama'are da Sakkwato-Rima da ke ba da aikin burtsatse mai sola. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasa da inganta noma, yana aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja, shirin DARES na samar da wutar sola, na dala miliyan 750, kuma yana hannun hukumar lantarkin karkara ta REA. Waɗannan biyun ƙa'idar Bankin Duniya suke bi, takardunsu sun fi tsauri, kuma a DARES yawanci tallafi ne da ake biya bayan an tabbatar ka haɗa wa mutane wuta, don haka ƙaramin kamfani ya fi shiga ta hanyar yi wa manyan da suka cancanta aikin haɗawa.

Ranar da za ka sake miƙa tayi, ka tuna ba mafi arha ake ba aiki ba, mafi arha ne cikin waɗanda suka cika kowane sharaɗi. Bi jerin abin da talla ta nema ɗaya bayan ɗaya, ka sa lambar shafi. Haɗa takardar bayanin farantin da batirin da fitilar daga masana'anta, da shaidar inganci ta SONCAP ta kayan da aka shigo da su, ka rubuta garanti da tsarin wanke faranti da gyara a fili. Raba ambulan na fasaha da na farashi yadda aka ce, kada adadin kuɗi ya ɓulla a na fasaha. Ka kai da kanka kwana guda kafin a rufe, ka sa hannu a rajista, sannan ka halarci buɗewar ka rubuta farashin kowa.