Amsa ga mai tambaya kan hutun iyali a jirgin ruwa

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka inda ka ce kana da niyyar ɗaukar iyalinka da mahaifiyarka mai shekara 70 da 'yan kai ku yi hutu a jirgin ruwa a ƙasar waje, amma kana tsoron kada abin ya zama almubazzaranci, kuma kana shakkar ko tsohuwa za ta jure wahalar hanya. Hukuncin almubazzaranci na bar wa malamai. Abin da zan iya ba ka shi ne labarin tafiyar da muka yi mu shida, ni da maiɗakina da yaranmu uku da Hajiya mahaifiyata, a kan Kogin Nilu na ƙasar Masar, daga Luksor zuwa Aswan.

Da farko tekun Bahar Rum na so mu je, sai na duba wahalar neman bizar Turai ga mutum shida, ga batun abinci, ga kaɗawar teku da ke sa jiri, na ga cewa kogi ya fi dacewa da tsohuwa. Jirgin Nilu ba ya tangaɗi, domin ruwan a kwance yake, kuma a koyaushe kana ganin gaɓa ta dama da ta hagu. Naman da ake dafawa yankan Musulmi ne, kuma kiran salla yana iske ka har cikin ɗaki daga masallatan ƙauyukan da ke bakin ruwa. Mun nemi biza tun muna gida, muka tanadi katin rigakafin cutar shawara na kowa, muka sauka Alƙahira, daga can muka hau jirgin sama na kimanin awa 1 zuwa Luksor. Tafiyar ruwan kanta kwana 4 ce, nisanta ya ɗan haura kilomita 200. Mun je a watan Disamba, kuma ina ba ka shawarar kada ka kai tsohuwa can da bazara, saboda zafin Aswan yakan wuce digiri 40.

Babbar fa'idar jirgi ga dattijo ita ce ɗakinsa ne ke tafiya da shi. Sau ɗaya muka kwance kaya, sau ɗaya muka ɗaure. Ranar da Hajiya ta ji ƙarfi sai ta bi mu, ranar da gwiwa ta motsa sai ta zauna a saman jirgi da carbinta a ƙarƙashin rumfa, mu kuma mu fita mu dawo mu tarar da ita. Ta shiga Karnak, wani katafaren wurin bauta na zamanin Fir'aunoni da ke Luksor, inda akwai wani zaure mai ginshiƙan dutse 134, ta tsaya ta ɗaga kai har mayafinta ya zame, ba ta ce komai ba sai "Ina masu ginin?" Kwarin Sarakuna kuwa, wato maƙabartar Fir'aunoni inda aka gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, ba mu bar ta ta shiga ba, domin wasu kaburburan sai an gangara ta doguwar hanya cikin ƙasa, kuma iskar ciki ba ta da yawa.

Ba zan ɓoye maka abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Wakilin da ya shirya mana tafiyar ya nuna mini hotunan ɗaki mai faffadar taga, amma da muka isa sai aka ba mu ɗakunan can ƙasa kusa da inji, inda ƙara ba ta barin mutum ya yi barci. Sai da na ƙara kuɗi aka mayar da Hajiya da ƙaramar 'yata bene na tsakiya. Saboda haka ka sa a rubuta maka sunan jirgin da benen da ɗakinku yake kafin ka biya ko sisi, kuma ka tambaya ko akwai lif, domin da yawa daga cikin jiragen nan matakala kawai gare su. Haka kuma jiragen sukan jeru gefe da gefe a tasha, ta yadda kafin ka taka ƙasa sai ka ratsa ta cikin jirgi biyu ko uku, a ƙarshe ka bi wani siririn katako. A nan dole namiji mai ƙarfi ya riƙe hannun tsohuwa. Kuɗin da ka biya ya haɗa da ɗaki da abinci sau uku, amma ruwan gora da lemo da shayin da ka nema a wajen lokacin abinci lissafinsu daban ne, ga kuma tukuicin da suke kira bakshish, wanda kusan kowa ke sa rai da shi, daga mai ɗaukar kaya har mai keken doki a garin Edfu. Akwai mashaya a jirgin, kuma wani dare akan yi kiɗa da rawa. Mu dai mukan ci abincin dare mu haye sama mu bar musu wurin, ba wanda ya takura mana.

Game da salla, mun yi ƙasaru, kuma alƙibla a can tana wajen kudu maso gabas. Tun da jirgin yana bin lanƙwasar kogi, yakan juya, don haka mukan duba manhajar waya kafin kabbara, ko mu jira a tsaya.

Yara sun fi jin daɗin garin Esna. A wurin akwai wata mashiga mai ƙofofin ƙarfe inda jirgi ke shiga, a rufe bayansa, a cika ruwa har ya ɗaga shi sama, sannan a buɗe gabansa ya wuce. Kafin layi ya zo kanmu, 'yan kasuwa suka kewaye mu a ƙananan kwale-kwale suna jefo jallabiya da tawul a cikin leda har saman jirgi. Idan ka yi ciniki ka sa kuɗi a leda ka jefa musu, idan ba ka so ka mayar da kayan. Hajiya, wadda ta shekara da shekaru tana sayar da atamfa a cikin gida, ta karɓi ragamar cinikin da yatsu kawai, ba Larabci ba Turanci, har sai da mutumin ya dafe kai yana dariya. A garin Kom Ombo yara suka ga gawarwakin kadoji da aka busar tun zamanin Fir'aunoni, a Aswan kuma muka je babbar madatsar ruwan da aka kammala a 1970. Abin sha na farko da aka tarbe mu da shi suna kiransa karkade. Hajiya ta kurɓa ta ce ai zoborodo ne aka canja wa suna. Da ta ga goruba a kasuwar Aswan kuwa, sai ta ce mutanen nan 'yan'uwanmu ne.

Abin da ya sa nake gode wa Allah a kan tafiyar nan ya faru ne a yammacin kwana na uku. Tun ranar da muka shiga jirgi Hajiya ta sa yara suka karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", addu'ar da Annabi Nuhu (AS) ya yi, wadda ke cikin Suratu Hud. A wannan yammacin muna zaune a sama, rana ta yi ja a bayan itatuwan dabino, wani yaro yana shayar da jakinsa a gaɓa, sai ta tambaye ni ko wannan shi ne kogin da mahaifiyar Annabi Musa (AS) ta jefa shi a cikin akwati. Na ce haka malaman tafsiri suka faɗa. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta tara jikokinta ta ba su ƙissar daga farko har ƙarshe, kamar yadda ta ba mu a tsakar gida muna yara, sai dai wannan karon tana nuna musu ruwan da hannunta. Ɗana na fari, wanda a gida ba ya ɗaga kai daga waya, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta har aka kira magariba. A Kano muna gida ɗaya, amma tsakanin aiki da makaranta da cunkoson hanya, na manta rabon da mu shida mu zauna wuri guda na tsawon awa biyu ba wanda ya tashi. Ban da aikin Hajji, Hajiya ba ta taɓa fita ƙasar waje ba, kuma ni da na taso ina ganin tana ƙulla kuɗin makarantarmu a bakin zane, ban taɓa zaton zan ga ranar da za a ja mata kujera a zuba mata abinci tana kallon Nilu ba.

Kuɗin da muka kashe ba kaɗan ba ne; shekara 2 na yi ina tarawa, na kuma ɗage canjin mota. Ban ci bashi ba, kuma ba na ba ka shawarar ka ci. Idan ka sauke nauyin da ke kanka na ci da sha da makaranta da zakka, kuma likita ya duba Hajiyarka ya ce za ta iya, to ka tafi da ita tun ƙafarta tana ɗaukarta. Ka riƙe magungunanta a jakar hannu tare da takardar likita, ka nemar mata ɗaki a benen da ɗakin cin abinci ya fi kusa, kuma ka tanadar mata rigar sanyi mai kauri, domin iskar kogi da asuba a watan Disamba ta fi hunturun Kano cizo. Allah ya sa ku je lafiya ku dawo lafiya, a gaishe mana da Hajiya.