Ajiye sukundireban nan tukunna, kar ka buɗe ta

Kai yaro, na ga saƙonka tun da rana, ina kan gyaran wani bod ne, wato babban allon cikin laftop, shi yasa ban amsa ba. Ka ce wani ya kawo maka laftop ta hannu da ya saya a intanet, an yi masa wayabil daga Legas, ta ɗan yi aiki kwana biyu yanzu kuma in an danna sai fitila ta kama fanka ta juya amma sikirin baƙi ƙirin, kuma wai mai sayarwar ya ba shi waranti na wata ɗaya, shine kake tambaya ka buɗe ko kar ka buɗe. Kar ka buɗe. Ko sukuru ɗaya kar ka kwance sai ka gama karanta wannan.

Maganar a cire caja a danne maɓalli a sake kunnawa, ko a jona ta da wani sikirin ta HDMI, ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya yi wata uku a shago bai san wannan ba gara ya koma sayar da kati. Abin da nake so ka gane shine na'urar da kanta tana faɗa maka ciwonta tun kafin ka taɓa ta, ku ne ba kwa saurara. In Dell Latitude ce ka zuba wa 'yar fitilar batir ido, tana ƙyafta ruwan goro sannan fari, ka ƙirga. Biyu da uku, wato ruwan goro sau biyu fari sau uku, ba ta ga ram ba, wato memori. Biyu da bakwai sikirin ne. Uku da ɗaya ɗan batirin CMOS mai riƙe agogo da saitin na'ura ne ya mutu, wannan CR2032 ɗin da ake sayarwa kamar kyauta. Kuma Dell in ka danne harafin D ka kunna, sikirin ɗin zai gwada kansa ya nuna kaloli, in ya nuna to lafiyarsa ƙalau matsalar tana ciki. HP kuwa fitilar Caps Lock ce take ƙyaftawa, kuma in BIOS ne, wato manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows, ya rikice ka danne Windows da B tare ka kunna, sau da yawa tana farfaɗowa. Duk wannan ba ka fasa sitikar waranti da mai sayarwa ke liƙawa a kan sukuru ba.

Sitikar nan ita ce maganar. Bari in ba ka labarin abin da har yau in na tuna sai na ji abinci ya fita raina.

Wata shekara ana saura kwanaki kaɗan babbar sallah wani matashi ya shigo shagona a Beirut Road a Kano, ɗan boko ne fes da shi, shadda ta sha guga, yana ta oga oga. Ya fito da laftop babba irin mai katin girafik daban ta masu zane, ciwonta sak irin wanda ka faɗa min yanzu, fanka na juyawa ba hoto. Ya ce a intanet ya saya, ya tura kuɗi an sa masa a mota. Na tambaye shi da bakina, akwai waranti a kanta? Ya ce ai ya ƙare, kuma ma mutumin ya daina ɗaga wayarsa, oga kawai ka buɗe ka taimake ni aikina duk yana ciki. Akwai 'yar sitika a kan sukuru ɗaya na ƙasa, na nuna masa, ya ce yage ta ba ta da amfani. A gabansa aka yage.

Ina ɗaga murfi na san abin da ake ciki. Sukurori kala uku, wani ma ba na laftop ba ne, gefen cif ɗin girafik ya yi ja-ja kamar an gasa, ga fulas, man da ake shafawa wajen liƙa dalma, ya bushe ya yi danƙo, robar da ke kusa ta ɗan narke. An sa mata bilowa, injin hura iska mai zafi. Wannan tsohuwar dabara ce tun zamanin HP dv6000 wajen 2008 lokacin da cif ɗin girafik suka riƙa mutuwa, a hura wa cif zafi ya ɗan kama, na'ura ta tashi kamar sabuwa ta yi sati biyu ko wata ta sake kwanciya, kuma duk hurawa tana ƙara kashe shi ne. Masu sayarwa a intanet sun san lissafin sarai, shi yasa za ka ga warantinsu kwana bakwai ko sati biyu, daidai tsawon ran bilowa. Na kira shi na nuna masa da yatsa, na ce malam an sayar maka da gawa, sai dai a canza bod, ni ba zan sake hura mata wuta in karɓi kuɗinka ba. Ya yi ta godiya har da Allah ya ƙara girma, ya ce zai yi shawara, na mayar da murfi ya ɗauki abarsa ya tafi, ko sisi ban karɓa ba, ko kuɗin dubawa.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo shi da wani yayansa da ɗan sanda. Wai ashe warantin bai ƙare ba, ƙarya ya yi min don yana gaggawa ba ya son ya mayar Legas ya jira. Da na ce masa gawa ce sai ya kira mai sayarwar, shi kuma ya ce a turo hoton sitika, da ya ga an yage ya ce shikenan ba ruwansa, sannan ya ƙara masa da cewa ya duba lambar siriyal ta jikin bod da ta ƙasan akwatin, in ba su zo ɗaya ba to mai gyara ya canza masa bod. Ba su zo ɗaya ba mana! Ta ina za su zo ɗaya, na'urar da aka harhaɗa, akwatin wata bod ɗin wata. Shi mai sayarwar ya san haka tun farko, tarkonsa kenan. Amma wa zai yarda? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, wancan yana Legas ba a san ko shago yake da shi ba, ni kuwa ga ni a zaune ga allon shagona da sunana a jiki.

Na ce wa yaron da yake tare da ni lokacin kawo littafi, don dokar shagona ce duk abin da ya shigo a rubuta siriyal da abin da kwastoma ya faɗa. Aka buɗe shafin ranar, wayam. Yaro yana can yana kallon ƙwallo a waya lokacin da mutumin ya zo, bai rubuta komai ba. Irinku kenan, waya a hannu dare da rana, ku ɗauki hoton abinci ku ɗauki hoton takalmi, amma hoton bod ɗin da zai fitar da ku daga hannun hukuma ba za ku ɗauka ba.

Mutane suka taru, maƙwabtan shago da na koya wa wasunsu riƙe ayan na liƙa dalma suna leƙe. Manyan kasuwa suka shiga suka ce kar a kai ofishin 'yan sanda a yi sulhu, aka zauna, na rantse ya rantse, ƙarshe aka ce a raba asara, wai ni babba ne in yi haƙuri don sunan kasuwa. Ni da ban ci komai ba na biya rabin kuɗin laftop ɗin da ban sayar ba. Kuɗin ragon layyata ne, wallahi shekarar sai da na ci bashi na yanka, kuma ba irin wanda na saba ba. Abin da ya fi ƙona min rai daga baya wani ɗan layinmu ya faɗa min mutumin ya kawo masa ita ya sayar da sikirin da ram da SSD da caja daban-daban, kaga ya ci nawa ya ci na kaya, shi riba ma ya yi. Har yau ina haɗuwa da shi a masallacin Juma'a yana miƙo min hannu yana oga ya aiki, ina amsawa don sallama wajibi ce.

To yanzu kai, ka sa mutumin nan ya kira mai sayarwar a gabanka ya sa sifika, ko ya rubuta masa a WhatsApp ya amsa a rubuce cewa ya yarda mai gyara ya buɗe kuma waranti yana nan. In bai yarda ba, a mayar masa da kayansa yadda suke. In kuma kwastoma ya ce shi dai a buɗe, ya rubuta da hannunsa ya sa hannu, ka ɗauki bidiyo tun daga sitika har ɗaga murfi ba yankewa, fuskarsa ta fito a ciki. Ya ji haushi ya ji, wanda zai ji haushin wannan dama da niyyarsa ya zo.

Kuma ka daina ruɗuwa da kalmar waranti ɗin nan. Kayan da suke cewa Landan yus yawanci na ofisoshin Turai da Amurka ne da suka gama amfani da su suka zubar, kamfanin da ya ƙera yakan ba da shekara ɗaya zuwa uku ne, EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwa tun 2016 ta fito, wane waranti ya rage mata? Dell tana da Service Tag harafi da lamba guda bakwai a ƙasanta, ka sa a shafin Dell zai nuna maka ranar da aka sayar da ranar da waranti ya ƙare da ma irin kayan da ta fito da su, HP ma haka da siriyal, ka kwatanta da wanda BIOS yake nunawa in aka samu ta tashi. Saboda haka abin da ya rage maganar bakin mai sayarwa ce kawai, kuma in ka karanta sharuɗɗansu za ka ga ban da sikirin ban da batir ban da kibod ban da ƙonewar wuta, to me ya rage? Kuma duk abin da ya faru za su ce NEPA ce ko janareta. Akwai hukumar FCCPC da dokar kare masu saye ta 2018, ba na musu, amma sai ka san inda mutum yake za ka kai ƙararsa, wanda sunan asusunsa daban sunan shafinsa daban ya yi bulokin ɗinka ya canza layi, kai ƙarar wa za ka yi.

Wani abin kuma da nake so ka riƙe don shi ne yake cin mutane yanzu, ba duk wadda ta ƙi shiga Windows ce ta lalace ba, wata a kulle take. Laftop ɗin kamfani ana yi mata rajista da tsarin Autopilot na Microsoft, mai sayarwa sai ya sa Windows ba tare da intanet ba ta yi kyau, ranar da ka yi mata fomat ka jona wayifai sai ta fito da sunan wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikacinsu, ka sa Windows sau goma haka za ta dawo don rajistar tana can wajensu, su ne za su cire. Kuma ka san wa za a ce ya ɓata ta, kai da ka yi fomat. ThinkPad mai fasuwod ɗin sufabaiza a BIOS cire batirin CMOS ba ya goge shi, kar ka yi wa kowa alkawari. In ka ga shuɗin allo yana neman makullin BitLocker, tsarin Windows mai kulle fayiloli, lamba 48 ne, in mai ita ba shi da su kar ka ce za ka fito masa da fayilolinsa. MacBook daga 2018 zuwa sama mai cif ɗin T2 in tana ɗaure da iCloud ɗin wani ka ce masa Allah ya mayar da alheri.

Ita wadda ke hannunka kuma ka fara duba cajar da aka haɗo ta da ita, don sun iya sa jabu, Dell bolt 19.5 take ci kuma akwai siririyar allura a tsakiyar bakin cajar da take gane ta da ita, in ta karye ko jabu ce sai ta ƙi caji ta riƙa tafiyar hawainiya, sa mita ka auna kar ka yarda da rubutun jiki. In Allah ya sa ta tashi ka faɗa masa gaskiya in furosesarta ta Intel ta gaza ƙarni na takwas, Windows 11 ba ta karɓarta ta hanyar da ta dace kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ya sani tun yanzu kar gobe ya zo ya ce kai ka rage mata wani abu.

Kuɗin dubawa kuma ka karɓa tun kafin ka fara, ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba. Ka turo min hoton ƙasanta da lambar ƙyaftawar fitilar kafin magariba, bayan isha'i ba na duba waya.