Amsoshin tambayoyinku: Motar kwana, kuɗin ritaya da tattakin katangar Hadrian

Wasiƙar farko ta wani Alhaji ce daga Manchesta. Shi da mai ɗakinsa sun yi ritaya bara, sun kuma yi niyyar bin hanyar katangar Hadrian, wata tsohuwar katangar Romawa a arewacin Ingila, da ƙafa don tara kuɗin rijiyar burtsatse a garinsu. Kafin tattakin suna so su zaga arewacin Skotland da irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Ya ce ya ga wata a Facebook da araha, mai ita ya nemi a tura kafin alƙalami don ya ajiye masa. Tambayarsa: ya saya ko ya yi haya?

Alhaji, Allah Ya karɓi wannan niyya. Ku yi haya. Kuma don Allah kada ka tura wa mutumin nan ko sisi.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ka yi haƙuri in tsaya a kansa. Mutum ya shekara talatin yana fita aiki cikin sanyin Ingila, duhu a tafiya duhu a dawowa, sai kuɗin sallama su shigo hannu, ya miƙa su ga wanda bai taɓa gani ba saboda hoto. 'Yan damfara sun daɗe da gano cewa masu ritaya ne ke neman waɗannan motoci. Su kwafi hotunan motar wani, su karya farashi, su ce mutum uku na jira. Araha ba ta ado. Idan har sai ka saya, ka je ƙofar gidan mai motar, ka riƙe takardar rajistar motar, wato V5C, a hannunka, ka ga sunansa da adireshinsa, ka gwada lambar jikin motar da wadda ke takardar. Tarihin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta ake duba shi a shafin gwamnati da lambar motar kawai, kuma a can za ka ga ko an taɓa lissafin milolin da ta ci.

Ko motar ta gaske ce, akwai ciwon da inji ba ya nunawa, wato danshi. Ruwa na shiga ta bakin taga da rufi, ya ruɓar da katakon da ke cikin bango, waje kuwa fenti na ƙyalli. Ka buɗe kowace durowa ta sama ka sa hanci. Ka danna bangon gefen taga da babban yatsa. In ya lotsa kamar biredi, ka yi sallama ka tafi. Sannan ka tambayi kanka inda za ta kwana sauran wata goma sha ɗaya na shekara, da inshora, da haraji, da kuɗin wurin ajiya. Duk wannan don tafiyar mako biyu. Ku yi hayar, in kun dawo kuna marmarin ta, sai mu sake magana.

Ka duba lasisinka ma. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau, iyakarsa mota mai nauyin kilo 3,500. Wanda ya ci kafin nan yana iya jan har kilo 7,500, amma da ya cika shekara 70 sai da takardar likita zai ci gaba da riƙe wannan dama. Kuma nauyin ya haɗa da ku, da ruwan tanki, da buhun shinkafar da na san Hajiya ba za ta bari a gida ba.

Ita ma Hajiyar ta ƙara layi biyu a ƙasan wasiƙar. Ta ce gwiwar Alhaji na damunsa, yana kuma shan maganin suga, ita kuwa tsoro ya hana ta barci. Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma da shi za ku tafi lafiya. Tattakin mil 84 ne, kusan kilomita 135, daga Wallsend zuwa Bowness-on-Solway, kuma tsakiyarsa hawa da gangara ne. Mutane da yawa na gama shi cikin mako guda, amma babu wanda ya ɗora muku wannan. Ku raba shi kwana goma. Ku ga likitansa tun yanzu, domin doguwar tafiya na sauke suga. Kowane dare ki duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, don mai suga kan ji rauni bai sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne zagayen Skotland ɗin: hanyar da ake kira North Coast 500 mil 516 ce daga Inverness a dawo Inverness, da yawanta siririya mai layi ɗaya. Mako biyu a kujera sannan a ce ƙafa ta ɗauki sama da mil takwas a rana, gwiwa ba za ta yarda ba. Ku taka sa'a ɗaya ko biyu kullum a hanya, ku kuma bar kwana uku na hutu a tsakani. Kada ku kwana cikin motar sai da na'urar da ke ƙara idan iskar gas mai guba ta taru. Irin hayaƙin janareton nan ne da ke kashe iyali cikin barci a gida, ba ya wari.

Wani daga Landan ya tambaya ko takalmin fam goma sha biyar da ya gani a intanet da sunan babban kamfani zai yi masa irin wannan tattaki. Kai ma ka san jabu ne, me ya sa kake tambayata? Je shago da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada da safar da za ka sa, ka yi wata guda kana yawo da shi kafin ranar.

Na ƙarshe daga Kano, yana so a auno masa irin motar daga Ingila. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama da mota mai sitiyari a hagu. Bar maganar.