Kafin ka zuba kuɗin adashenka a kwalayen dikoda

Wani ɗan kasuwa daga Gusau ya rubuto cewa: "Assalamu alaikum. Shekara 13 ke nan ina sayar da dish da dikoda, ina ɗaurawa a gidaje, ina kuma biya wa mutane kuɗin wata ina samun kamasho. Ƙanena yana gefen shagon da kwamfuta, yana tura waƙoƙi da fina-finai a waya da memori. A da nakan sayar da dikoda 30 a wata, yanzu da ƙyar nake sayar da 7, shi ma ƙanen nawa ciniki ya ja baya. Na ɗauki adashe na naira miliyan 3. Dilan da nake sari a wajensa ya yi mini tayin dikoda 100 da ragin kashi 15 cikin ɗari idan na biya lakadan. Akwai kuma wani yaro mawaƙi a unguwarmu da yake so in ɗauki nauyin waƙoƙinsa, ya ce idan aka ɗora su a Spotify da YouTube daloli za su riƙa shigowa mu raba. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema. Shawarata ita ce kada ka karɓi tayin dilan, kuma kada ka saka wa mawaƙin fiye da abin da za ka iya rasawa ba tare da shagon ya girgiza ba. Zan yi maka bayanin dalili dalla-dalla, domin abin da ya taɓa cinikinka ya fi ƙarfin Gusau, kuma idan ka gane tushensa za ka iya yanke irin wannan hukunci da kanka nan gaba.

Mu fara da lissafin da ke cikin wasiƙarka. Idan kana sayar da 7 a wata, dikoda 100 za su ɗauke ka fiye da wata 14 kafin su ƙare, wato idan cinikin bai ƙara raguwa ba. Na san tunanin da ke zuciyar kowane ɗan kasuwa a irin wannan zamani, cewa ajiye kaya ya fi ajiye kuɗi, tunda hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024. Wannan gaskiya ne ga hatsi da siminti da kwanon rufi, amma dikoda daban take, domin ba kasuwa ce ke yanka mata farashi ba, kamfanin da ya yi ta ne. Shi kuwa kamfani ba daga akwatin yake cin riba ba, daga kuɗin wata yake ci, saboda haka duk lokacin da ya ga mutane suna gudu, abu na farko da zai yi shi ne ya karya farashin akwatin don ya jawo su. An ga haka a tsakiyar 2025, lokacin da MultiChoice ya rage farashin dikodar DStv da rabi a Najeriya. Duk wanda ya cika shago da kaya a tsohon farashi kafin wannan sanarwa, ragin kashi 15 da aka yi masa bai isa ya rufe ramin ba. Ka kuma tambayi kanka abin da ya sa dilan da ya fi ka sanin kasuwa yake neman rabuwa da kwalaye 100 a lokaci guda.

Abin da kake gani a shagonka ya riga ya faru a Amurka, inda aka fi kai tashoshi gidaje ta wayar kebul maimakon dish, amma tsarin cinikin ɗaya ne: a haɗa maka tashoshi ɗari ko fiye a dunƙule, ka biya duk wata, ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Kamfanin Netflix, wanda aka kafa a 1997, ya fara ne a 1998 da aika wa mutane fayafayan fim ta gidan waya, sai a 2007 ya fara nuna fim ta intanet, a watan Janairun 2016 kuma ya buɗe a kusan duk ƙasashen duniya har da Najeriya, kuma zuwa ƙarshen 2024 masu biyansa sun haura miliyan 300. Kamfanin Nielsen, mai auna abin da Amurkawa ke kallo, ya bayyana cewa a watan Mayun 2025 kallo ta intanet ya kai kashi 44.8 cikin ɗari na lokacin da ake ɓatawa gaban talabijin, wanda ya zarce na kebul da na tashoshin eriya idan an haɗa su wuri guda. Abin da ya kayar da tsohon tsari shi ne mutum ya samu damar zaɓar abin da yake so, a lokacin da yake so, ya kuma daina biya ranar da ya ga dama.

A nan gida labarin ya ɗan sha bamban, kuma ina so ka lura da bambancin, domin a cikinsa mafitarka take. Yawancin kwastomominka ba Netflix suka koma ba. Aljihu ne ya fara korar su, sannan waya ta karɓe su. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin babban tsarin DStv ya tashi daga naira 24,500 zuwa 29,500, zuwa 37,000, har ya kai 44,500 a watan Maris na 2025, saboda kamfanin da dala yake sayen haƙƙin nuna ƙwallo da fina-finai, da naira kuma yake karɓar kuɗi. MultiChoice da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu, kuma a 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya kammala sayen sa. Ga kuma matsalar wuta: magidanci ya biya kuɗin kwana 30, wutar da ya samu ba ta kai ya yi kallon kwana 10 ba, kwanakin kuwa suna tafiya ko an kunna ko ba a kunna ba.

Kwanakin baya na kai ziyara wani gida bayan sallar isha'i, babu wuta, talabijin na rataye a bango an lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, dikoda na ƙarƙashinsa. Uwargida na kan tabarma ta jingina waya da kofin silba, ita da 'ya'yanta mata biyu suna kallon sabon kashi na wani shiri mai dogon zango a YouTube, babban ɗan kuma ya kunna musu data daga tasa wayar yana zaune a bakin ƙofa da abin saurare a kunne. Na tambayi maigidan yaushe rabonsa da biyan kuɗin wata, ya ce tun ƙarshen kakar ƙwallo da ta wuce. Gidan nan bai daina kallo ba, bai kuma daina kashe kuɗi ba, sai dai kuɗin yanzu suna tafiya ne wajen mai sayar da data da mai cajin waya. Tambayar da ta kamata ka yi ita ce yadda za ka tsaya a kan hanyar da kuɗin suka koma bi.

Abu mafi daraja da ka tara cikin shekara 13 ba kayan kan kanta ba ne. Ka san gidaje ɗaruruwa, an yarda ka shiga har tsakar gida, kana da tsani da na'urar huda bango da yara masu hawa rufi su ja waya cikin tsabta. Wannan hannun shi ne ainihin wanda ake buƙata wajen ɗaura ƙaramar sola: faranti ɗaya ko biyu, batir, ƙwan fitila, fanka da talabijin masu aiki da wutar batir kai tsaye, da wurin cajin waya. Da ni ne kai, zan ware kamar rabin kuɗin adashen don wannan, amma sai bayan na tura yaro ɗaya, ko na je da kaina, na koyi aikin a hannun ƙwararre na wata biyu ko uku, domin batirin da aka haɗa ba daidai ba yakan mutu cikin watanni kaɗan, kuma sunanka zai tafi da shi. Ka fara da gidaje biyar daga cikin tsofaffin kwastomominka, ka karɓi kuɗin kaya kafin ka saro, ribarka ta fito daga aikin hannu. A gefe guda ka ajiye ƙananan kayan da sabon salon kallo ke ci: na'urar rarraba intanet ta gida, akwatin da ke mayar da tsohon talabijin mai shiga YouTube, abin ajiye caji, caja da abin saurare masu inganci. Su ma kaɗan-kaɗan, sai ka ga wanda ke tafiya sannan ka ƙara.

Ban ce ka rufe harkar dish ba. Ka riƙe dikoda 10 zuwa 15 a shago, ka riƙa cikewa idan sun ragu. Akwai kasuwa biyu da ba su mutu ba. Ta farko ita ce tashoshin kyauta na tauraron ɗan'adam, irin su Arewa24 da tashoshin wa'azi, waɗanda ake biyan kuɗin ɗaurawa sau ɗaya a huta, kuma dattawa da mutanen karkara inda intanet ke da rauni har yanzu suna neman su, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Ta biyu ita ce ƙwallo. Fim yana jira, amma wasan Firimiya ko na Zakarun Turai ba ya jira, kuma gidan kallo mai mutum 80 ba zai yarda hoto ya tsaya yana juyawa ana tsakiyar bugun fanareti ba. Ka bi gidajen kallo da otal-otal da ke garin ka yi yarjejeniyar kula da kayansu duk wata, ka kuma tabbatar suna kan tsarin biya na 'yan kasuwa, ba na gida ba. Sai dai ko wannan kada ka ɗauke shi gado na har abada, domin a Ingila kamfanin Amazon ya riƙa nuna wasu wasannin Firimiya ta intanet daga 2019 zuwa 2024. Abin da zan gargaɗe ka a kansa da babbar murya shi ne akwatunan sata da ake cewa suna buɗe duk tashoshi a kuɗi kaɗan: ranar da aka toshe su kai mai saye zai zo wa, kuma doka ba ta gefenka.

Haka batun ƙanenka. Sana'ar turi ita ce ta ci kasuwar faifai da a da ta cika Ƙofar Wambai a Kano, yanzu kuma ita ma ana cin ta, tunda masu shirya fim suna sakin aikinsu a YouTube, yara kuma suna tura wa juna ta Xender kyauta. Ga dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da ta fi ta da tsauri kan kwafar aikin wani ba izini. Ya riƙe abin da ya samu izininsa daga masu shi, sauran lokacinsa kuma ya koyi gyaran waya ko tace bidiyo, tunda kwamfuta na gabansa.

Sai mawaƙin. Yaron bai yi ƙarya ba cewa akwai kuɗi. Ƙungiyar IFPI ta kamfanonin waƙa ta ce cinikin waƙoƙin da aka naɗa a duniya ya kai dala biliyan 29.6 a 2024, kuma kashi 69 cikin ɗari daga saurare ta intanet ya fito. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, ya ce mawaƙan ƙasar sun samu fiye da naira biliyan 58 daga wajensa a 2024. Amma ka san yadda ake rabon. Ba a biyan wani tsayayyen kuɗi kan kowane saurare. Ana tara abin da aka samu a kowace ƙasa, kamfani ya cire nasa, kimanin kashi biyu cikin uku ya tafi ga masu haƙƙin waƙa gwargwadon yawan sauraren da kowa ya samu. Kuɗin wata na Spotify a Amurka ya kai dala 11.99 a 2024, a Najeriya kuwa bai kai dala 2 ba, saboda haka sauraren mutum ɗaya a can ya ninka na nan sau da yawa, kuma kaso mafi tsoka na waɗancan biliyoyi yana tafiya ne ga manyan mawaƙan da ake ji a Turai da Amurka. Tun 2024 ma, waƙar da ba ta samu saurare 1,000 cikin shekara ba Spotify ba ya biyan komai a kanta. YouTube kuma ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan mai tashar ya samu kashi 55 cikin ɗari. Masu sauraren waƙar Hausa sun fi yawa a YouTube da Audiomack da Boomplay, wanda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, kuma galibinsu a tsarin kyauta suke.

Ma'anar wannan ita ce ga sabon mawaƙi intanet talla ce kafin ta zama albashi. Kuɗinsa na farko daga wasan biki da taro da tallar kaya za su zo, idan waƙar ta karɓu. Ina da tausayin irin waɗannan yara, domin da yawansu suna da baiwa kuma ba su da mai tallafa musu, don haka ban ce ka juya masa baya ba. Idan ka saurari waƙoƙinsa ka gamsu da abin da yake faɗa a ciki, ka ɗauki nauyin guda biyu kawai, da kuɗin da bai wuce kashi 5 cikin ɗari na adashen ba, ka ba shi wata shida ka ga yadda jama'a za su karɓa. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kamar yadda addini ma ya yi umarni a harkar bashi, ta fayyace wanda ya mallaki sautin da aka naɗa, da sunan wanda za a buɗe tashar YouTube da asusun kamfanin da zai rarraba waƙar, da asusun bankin da kuɗi za su shiga, da kuma ko kana da kaso a kuɗin wasan biki har sai ka mayar da abin da ka kashe. Mafi yawan rigimar da ake yi a wannan harka a kan lambar sirrin tasha take tashi, saboda haka ku biyun ku riƙe ta tun ranar farko.

Ragowar kuɗin, kimanin kashi ɗaya cikin uku, ka bar su a hannu har sai gidaje biyar na farko sun yi wata uku da solarsu ba tare da ƙorafi ba. Kafin nan, ka ɗauko littafin da kake rubuta masu biyan kuɗin wata, ka ware sunayen waɗanda suka daina zuwa tun bara, ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka tambaye su da me suke kallo yanzu, da kuma inda suke cajin waya idan an ɗauke wuta.