Tambayoyin manoma: Me ya murɗe min tumatir?

Wani ɗan'uwa mai noman rani a Dadin Kowa ya turo hoto, ya ce ya yi wa tumatirinsa feshin maganin ƙwari, bayan kwana uku sai sabbin ganyen sama suka murɗe suka tsuke kamar zare, karan ma ya lanƙwashe, wai wane magani zai sayo.

Malam dan Allah kar ka sayi komai tukuna. Je ka tambayi yaranka me aka zuba a famfon feshin nan kafin ranar. Hoton da na gani aikin 2,4-D ne, maganin ciyawar da kuke fesawa a shinkafa, kuma wannan maganar duk shekara sai na maimaita ta, raina na ɓaci in na ga gumin mutum ya tafi saboda famfo ɗaya.

Bari in yi maka bayani. Shuka ba ko'ina a jikinta take haifar sabon jiki ba, can a kan tsiro ne da bakin saiwa, wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar gero ba, nan ƙananan ƙwayoyin jikinta ke rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, na baya kuma su sha ruwa su miƙe, shi ne tsawon da kake gani. Kuma ba kara zube ake yi ba, gadon da ke cikin iri shi ke tsara wacce za ta rabu yanzu, wacce za ta miƙe, wacce za ta tsaya ta zama ganye ko fure, yana aika saƙon da wani sinadari da ake kira oksin. Tun 1880 masanin kimiyya Darwin da ɗansa suka rufe kan tsiron ciyawa suka ga ya daina juyawa wajen haske, kaga ashe daga sama umarnin ke sauka. Toh shi 2,4-D kwaikwayon oksin ɗin nan ne, sai dai shukar ba ta iya kawar da shi da sauri, sai ƙwayoyin su yi ta girma ba tsari, gefe ɗaya ya fi ɗaya, shi ne murɗewar. Tumatir, auduga, wake da kuɓewa ɗan ragowar da ya maƙale a tiyo ma ya ishe su. In da cutar da ƙwaron nan farin ƙuda ke yaɗawa ce da ka ga ganye na yin rawaya, kuma tushe-tushe take bi, ba gona duka rana guda ba.

Ci gaba da ban ruwa ka duba ganyen da zai fito nan da sati biyu, in ya fito a miƙe sun tsira. Sannan ka ware famfo ɗaya na maganin ciyawa kawai, ka shafa masa jan fenti.

Baba daga Kumo da awaki suka cinye masa masara tana da ganye uku: kar ka sake shuka Baba, har ta kai wajen ganye shida idon tsironta na ƙarƙashin ƙasa, za ta toho.

Mai tambayar ruwan kwalbar da ake cewa yana sa shinkafa tsawo, tsawon me kake nema? Doguwar shinkafa kwanciya take in ta sha taki iska ta kaɗa. Irin shinkafar nan IR8 da ta fito a 1966 gajarta aka zaɓa mata da gangan. Kai kuɗin wajen yuriya.